Gudummawar Saitokin Wajen Sarrafa Ƙwayoyin Samar da Makari a Fatar Yauƙi: Nazari Daga Gaɓar Kogin Wudil

Tsakure

Mafi yawan cututtukan da ke addabar ƙananan yara a ƙasar Hausa ta baki da hanci suke shiga jiki, su yada zango a hanji ko a huhu. Saboda haka, kariyar da jiki ke girkewa a waɗannan mashigai ita ce ta fara haɗuwa da su. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda wasu sinadaran aike da ake kira saitokin suke sarrafa ƙwayoyin halittar da ke samar da makarin cuta a fatar yauƙi, tun daga horar da su har zuwa fitar da makarin cikin hanji da yawu da nono. An ɗora bayanin a kan al'amura huɗu da suka shafi rayuwar mutanen Wudil da kewaye, wato ɗigon rigakafin shan inna da bitamin A da dakashi da cutar tsargiya. Maƙalar ta nuna cewa maimaita ɗigon rigakafi da shayar da jariri dakashi suna da dalili tabbatacce a kimiyyar garkuwar jiki, kuma harshen Hausa yana da kalmomin da za su iya ɗaukar wannan bayani idan aka daidaita su.

Fitilun Kalmomi: saitokin, makari, fatar yauƙi, shan inna, dakashi, Wudil

1.0 Gabatarwa

Garin Wudil yana kan hanyar da ta tashi daga Kano zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano. Kogin da ya ratsa shi, wanda jama'a ke kira Kogin Wudil, ruwan kogunan Kano da Challawa ne ya haɗu yake gangarawa zuwa Haɗeja. A gaɓarsa ake su da noman rani da ɗibar yashi da wanki, yara kuma suna wanka a ciki. Kowace Juma'a kasuwar shanun garin tana tara fatake da dabbobi daga nesa da kusa. Ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda aka kafa a 2001, a da kuma ake kiran ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kano, da Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda ta Nijeriya. Wuri irin wannan, inda ruwa da mutane da dabbobi ke cuɗanya kullum, yana sa hanjin yaro ya haɗu da ƙwayoyin cuta iri-iri tun yana goye.

Akwai tambayoyin da iyaye suka daɗe suna yi wa ma'aikatan lafiya a faɗin Jihar Kano. Me ya sa ake ta maimaita ɗigon shan inna ga yaron da aka riga aka ɗiga wa? Me ya sa wani rigakafin ake ɗiga shi a baki, wani kuma sai an yi allura? Mene ne amfanin dakashi, alhali wasu magabata matse shi suke yi su zubar? Rashin gamsasshiyar amsa ga irin waɗannan tambayoyi yana daga cikin abubuwan da suka share fagen dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa watan Yulin 2004. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana tushen kimiyyar waɗannan amsoshi cikin Hausa, domin masu nazarin harshe da masu fassara su sami abin dogaro.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Fatar yauƙi ita ce shimfiɗa mai danshi da ta lulluɓe cikin baki da hanci da maƙogwaro da hanji da mafitsara da mahaifa. An kira ta haka ne saboda yauƙin da take fitarwa, kamar majina da yawu.

Makari a asalin Hausa shi ne abin da ke karya dafi ko sammu. A nan an yi amfani da kalmar ga furotin ɗin da jiki ke ƙerawa domin ya manne wa wata ƙwayar cuta takamaimai, ya hana ta aiki. Makaran ɗan Adam rukuni biyar ne, waɗanda ake wa laƙabi da IgM da IgD da IgG da IgE da IgA.

Ƙwayar B nau'i ce ta fararen ƙwayoyin jini, kuma ita ce uwar makari. Idan ta balaga ta koma masana'antar makari zalla, sai a kira ta ƙwayar filasma. Ƙwayar T ita ce mai ba ta umarni da taimako. Ƙwaya mai rassa kuwa ita ce ke tsinto ɓurɓushin ƙwayar cuta ta gabatar wa sauran.

Saitokin ƙananan furotin ne da wata ƙwayar halitta ke saki domin ta isar da saƙo ga wata. Stanley Cohen ne ya ƙirƙiro sunan a 1974. Wani babban dangi daga cikinsu ana kiran sa intalukin tun 1979, ana taƙaita shi da IL tare da lamba, kamar IL-6. Wani dangin kuma, kemokin, aikinsa janyo ƙwayoyi zuwa wani wuri. Saitokin ba ya tasiri sai a kan ƙwayar da ke da makarɓinsa, wato furotin da ke saman ƙwayar wanda ya dace da shi kamar yadda makulli ke dacewa da kwaɗo.

3.0 Fatar Yauƙi da Makarin IgA

Faɗin fatar jikin baligi bai wuce murabba'in mita 2 ba, amma cikin hanjinsa, in aka baje shi, ya kai kimanin murabba'in mita 30. Abin da ya raba wannan fili da jini jeri ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta. Ta nan abinci ke shiga jiki, kuma a nan ne ɗimbin bakteriya masu amfani suke zaune. Don haka kariyar da ta dace da hanji dole ta cika sharuɗɗa biyu: ta tare mai cutarwa, kuma kada ta tayar da kumburin da zai yaga wannan siririn jeri.

Makarin IgA ne ya cika sharuɗɗan. Joseph Heremans ya bayyana shi a cikin jini a 1959. A 1961 Lars Hanson ya same shi a nonon mata, sannan a tsakiyar shekarun 1960 Thomas Tomasi ya nuna cewa irin wanda ke cikin yawu da sauran ruwayen jiki yana da ƙira ta dabam. Kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin filasma na jikin mutum a bangon hanji suke, kuma mafi yawansu IgA suke ƙerawa. Baligi yana zuba giram 3 zuwa 5 na wannan makari cikin hanjinsa kowace rana. Aikinsa shi ne ya lulluɓe ƙwayar cuta ko dafinta, ya dunƙule su a cikin yauƙi, su fita tare da bahaya ba tare da sun taɓa bangon hanji ba. A ɗan Adam IgA kashi biyu ne. IgA1 ya fi yawa a hanci da maƙogwaro, IgA2 kuma ya fi yawa a babban hanji, domin ya fi jure wa sinadaran da bakteriya ke amfani da su wajen datse makari.

Abin lura shi ne, kowace ƙwayar B da IgM take fara rayuwa. Kafin ta zama mai ƙera IgA a hanji sai ta bi matakai biyar, kuma kowane mataki saitokin ne ke buɗe ƙofarsa.

4.0 Matakan Sarrafawa

4.1 Wurin Horo

A bangon ƙaramin hanji akwai wasu curarrun tsibirai na fararen ƙwayoyin jini, masu kama da kaluluwa, waɗanda Johann Conrad Peyer ɗan ƙasar Suwizalan ya siffanta a 1677, shi ya sa ake kiran su tsibiran Peyer. A samansu akwai ƙwayoyin M, masu ɗauko samfurin abin da ke cikin hanji su miƙa shi ga ƙwayoyi masu rassa da ke ƙasa. A 1971 Susan Craig da John Cebra suka nuna, ta gwaji a kan zomaye, cewa daga waɗannan tsibirai ne ƙwayoyin da ke zama masu ƙera IgA suke fitowa. 'Yan uwansu a maƙogwaro da bayan hanci su ne curarrun naman da kan kumbura idan yaro na ciwon wuya.

4.2 Sauya Rukuni

Ƙwayar B da ta gane ɓurɓushin cuta tana haɗuwa da ƙwayar T mai taimako, su manne ta hanyar makarɓin CD40. Wannan haɗuwa tana tayar da wani sinadari mai suna AID, wanda Tasuku Honjo da ɗalibansa suka gano a Japan a 1999. AID ne ke fara yankan kundin gado na ƙwayar, a cire sashen da ke ƙera IgM a haɗa wani sashe a madadinsa. Sai dai AID ba shi ne ke zaɓar sashen da za a haɗa ba. Saitokin ɗin da ke wurin a lokacin shi ne ke buɗe sashen da yake so, yankan ya faɗa a kansa. Idan IL-4 ne ya rinjaya, ƙwayar tana karkata zuwa IgE. Idan kuwa TGF-β ne, sai ta koma IgA.

An tabbatar da wannan aiki na TGF-β a 1989, a ɗakin binciken Robert Coffman a Amurka da kuma wani a Japan. A 2000 aka samar da ɓerayen da aka cire wa ƙwayoyin B ɗinsu makarɓin TGF-β, sai IgA ya kusa ɓacewa daga jikinsu. Shi dai TGF-β saitokin ne mai kwantar da kumburi. Ke nan sinadarin da ke hana hanji tayar da tarzoma a kan abinci shi ne kuma ke zaɓar makarin da ba ya tayar da kumburi. Ana sakin sa a ɗaure, sai ƙwaya mai rassa ta kwance shi a daidai wurin da ake buƙata. IL-21, wanda ƙwayoyin T ke saki a tsakiyar tsibiran, yana ƙarfafa aikinsa, haka ma IL-10 a jikin ɗan Adam. Ƙwayoyin da suka bi wannan hanya su ne ke ƙera makari mai kama cuta gam, kuma su ne ke barin tunawa mai ɗorewa. Wannan ita ce hanyar da rigakafi ke nema.

Akwai hanya ta biyu wadda ba ta buƙatar ƙwayar T. Idan ƙwayoyin saman hanji da ƙwayoyi masu rassa suka ji alamun bakteriya, sai su saki saitokin biyu, BAFF da APRIL. Waɗannan suna kama makarɓin TACI da ke jikin ƙwayar B, su tayar da AID kai tsaye. Hanyar tana da sauri, amma makarinta bai kai na farko iya kamu ba. Binciken Andrea Cerutti da abokan aikinsa na 2007 ya danganta APRIL da samuwar IgA2 a babban hanji.

4.3 Komawa Gida

Ƙwayar da aka horar ba ta zama a tsibirin. Tana bi ta kaluluwar da ke jikin marfin hanji, ta shiga babbar hanyar ruwan jiki, ta faɗa cikin jini, ta zaga ko'ina. Abin da ke dawo da ita hanji wani hatimi ne da aka buga mata tun a wurin horo. Ƙwayoyi masu rassa na hanji suna juya bitamin A ya zama asid ɗin retinoyik, shi kuma ya sa ƙwayar B ta fito da furotin biyu a samanta, α4β7 da CCR9. Na farko yana manne wa MAdCAM-1 da ke bangon jijiyoyin jinin hanji, ya tsayar da ƙwayar. Na biyu yana bin sawun kemokin CCL25 wanda ƙaramin hanji ke saki. An nuna wannan aiki na retinoyik ga ƙwayoyin T a 2004, ga ƙwayoyin B kuma a 2006.

Akwai wani hatimin, CCR10, mai bin kemokin CCL28. Babban hanji da mafitar yawu da hanyar numfashi da nonon mace mai shayarwa duk suna sakin CCL28. Ta haka ƙwayar da aka horar a hanji take iya sauka a wata fatar yauƙi mai nisa da shi.

4.4 Balaga da Tsawon Rai

Da ƙwayar ta isa ƙarƙashin jerin saman hanji, sai ta kammala rikiɗa zuwa ƙwayar filasma. A nan IL-6 ne jagora. Toshio Hirano da Tadamitsu Kishimoto sun tantance shi a 1986, kuma sunan da ya fara ɗauka ma yana nufin sinadarin da ke zaburar da ƙwayar B. A ɓeraye IL-5 yana taimaka masa. Bayan balaga, ƙwayar tana buƙatar saƙon ci gaba da rayuwa, wanda APRIL ke bayarwa ta makarɓin BCMA tare da IL-6. An daɗe ana zaton ƙwayoyin filasma na hanji kwanaki kaɗan suke yi su mutu, sai wani bincike da aka yi a Nowe a 2017 ya nuna cewa wasunsu suna kai shekaru gommai a hanjin mutum.

4.5 Fitar da Makari

Ƙwayar filasma tana ƙarƙashin bango, cutar kuma tana cikin hanji, don haka sai an tsallakar da makarin. Ƙwayar tana haɗa IgA biyu-biyu da wani ɗan furotin da ake kira sarƙar J. Ƙwayoyin saman hanji suna da makarɓi mai suna pIgR wanda ke kama wannan tagwayen makari daga ƙasa, ya ratsa da shi, ya sake shi a sama. Wani yanki na makarɓin yana tafiya manne da makarin, yana kare shi daga sinadaran narkar da abinci. Per Brandtzaeg na Jami'ar Oslo ya taka muhimmiyar rawa wajen fayyace wannan tsari a shekarun 1970. Nan ma saitokin ne ke daidaita yawan aikin: IL-17 da IL-4 da IFN-γ da TNF duk suna ƙara yawan pIgR, ta yadda idan cuta ta shigo, fitar makari takan ƙaru.

5.0 Dangantakar Bayanin da Rayuwar Wudil

5.1 Ɗigon Shan Inna

Ƙwayar cutar shan inna ta baki take shiga, ta hayayyafa a hanji, ta fita da bahaya ta kama wani yaron. Rigakafinta iri biyu ne: allurar Jonas Salk ta 1955 mai ɗauke da matacciyar ƙwayar cuta, da ɗigon Albert Sabin na farkon shekarun 1960 mai ɗauke da rayayya wadda aka raunana. A 1968 Pearay Ogra da abokan aikinsa suka nuna cewa duka biyun suna samar da makari a jini, amma ɗigon ne ke samar da IgA a hanci da hanji. Dalilin ya bayyana daga abin da ya gabata. Ɗigo yana bi ta tsibiran Peyer, inda akwai TGF-β da retinoyik. Allura kuwa tana bi ta kaluluwar da ke kusa da inda aka soka ta, wurin da ba a buga hatimin hanji. Allura tana kare yaro daga shanyewar gaɓoɓi, ɗigo kuma yana ƙara da toshe hanyar da cutar ke bi ta hanjinsa zuwa ga yaran maƙwabta.

Tun shekarun 1970 likitan Indiya T. Jacob John ya nuna cewa ɗigon ba ya kama yaran ƙasashe masu zafi kamar yadda yake kama na Turai da Amurka. Daga cikin dalilan da masana suka kawo akwai gudawa a lokacin ɗigo, da gogayyar wasu ƙwayoyin cuta da suka riga suka mamaye hanji, da rashin abinci mai gina jiki, da kumburin hanji na dindindin da ke samun yaran da ke yawan haɗiyar ƙazantar muhalli. A irin wannan hanji, saitokin masu tayar da kumburi sun riga sun cika wurin, raunanniyar ƙwayar rigakafin ba ta samun zama har ta horar da ƙwayoyin B. Kowane ɗigo dama ce guda, kuma ba kowace dama ke kamawa ba. Wannan ita ce amsar tambayar maimaitawa, kuma ta fi shafar yaran da ke zaune a bakin ruwa.

Tarihin Kano ya nuna abin da ke tattare da batun. Bayan dakatarwar 2003 cutar ta sake bazuwa, har Nijeriya ta sami yara 1,122 da ta shanye a 2006. A 2011 aka fara gwajin ruwan magudanai a birnin Kano domin gano ƙwayar cutar da ke fita daga hanjin yaran da ba su nuna alama ba. A 2014 adadin ya sauko zuwa 6 a duk ƙasar, 5 daga cikinsu a Jihar Kano, na ƙarshe kuma a Ƙaramar Hukumar Sumaila, da ke shiyyar Kano ta Kudu tare da Wudil, ranar 24 ga Yuli. Bayan ɓullar da ta yi a Borno a 2016, an ayyana yankin Afirka a matsayin wanda ya rabu da asalin ƙwayar cutar ranar 25 ga Agusta, 2020.

Duk da haka aiki bai ƙare ba. A watan Afrilun 2016 aka cire nau'i na 2 daga ɗigon da ake bayarwa a duniya, sai yaran da aka haifa bayan nan suka tashi ba su da IgA na wannan nau'i a hanji. Inda yawan waɗanda aka yi wa rigakafi ya yi ƙasa, raunanniyar ƙwayar takan daɗe tana yawo tsakanin yara har ta rikiɗa ta dawo da ƙarfinta, kuma hakan ya faru a arewacin Nijeriya. Saboda haka aka samar da sabon ɗigon nau'i na 2 wanda ya fi wuyar rikiɗa, kuma Nijeriya ce ta fara amfani da shi a watan Maris na 2021. Wani bincike na 2014 a Indiya ya kuma nuna cewa allura tana farfaɗo da kariyar hanji ga yaron da ya riga ya sha ɗigo, domin ƙwayoyinsa sun riga sun karɓi hatimin. Shi ya sa ake haɗa su biyun. Rigakafin gudawar rota, wanda Nijeriya ta shigar cikin jadawalin yara a watan Agustan 2022, shi ma a baki ake ɗiga shi bisa wannan dalili.

5.2 Bitamin A

Tunda retinoyik daga bitamin A yake fitowa, ƙarancin bitamin ɗin yana taɓa matakin komawa gida. A ɓerayen da aka hana wa bitamin A, ƙwayoyin IgA suna ƙaranci ƙwarai a ƙaramin hanji. A ɗan Adam an tabbatar da cewa ba yara ƙarin bitamin A, a wuraren da ake fama da ƙarancinsa, yana rage mace-mace, musamman na gudawa. Wannan ne ya sa ake ba yara 'yan wata 6 zuwa 59 ƙwansonsa sau biyu a shekara. Sai dai gwaje-gwajen da aka yi don ganin ko ƙarin bitamin ɗin yana sa ɗigon shan inna ya fi kamawa ba su haɗu a kan sakamako ɗaya ba, don haka bai dace a yi wa iyaye wannan alkawari ba. Abincin da ke ɗauke da shi ba baƙo ba ne a kasuwar Wudil: man ja da zogale da alayyafo da karas da kabewa da mangwaro da gwanda da hanta da ƙwai.

5.3 Dakashi

A ƙarshen goyon ciki da farkon shayarwa, nonon mace yana sakin CCL28 da yawa. Ƙwayoyin B da aka horar a hanjinta da maƙogwaronta suna bin wannan kira su sauka a nono, su zuba IgA a ciki. Dakashi, wato ruwan nan mai kauri da launin ɗorawa na kwanakin farko, ya fi nonon da ke biyo bayansa yawan IgA nesa ba kusa ba. Jariri yana zuwa duniya da IgG da ya samu ta mabiyiya, amma hanjinsa bai fara ƙera IgA nasa ba sai bayan makonni. Uwar da ke shan ruwan wani wuri tana cin abincinsa ta riga ta haɗu da ƙwayoyin cutar wurin, don haka makaran da ke dakashinta sun dace da su daidai. Dakashin mai jego a Wudil ya san cututtukan Wudil. Al'adar matse shi a zubar, ko jinkirta shayarwa a ba jariri ruwa ko madarar dabba, tana hana shi wannan kariya a daidai lokacin da ba shi da wata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a sa jariri a nono cikin sa'ar farko, a kuma ba shi nono zalla har wata 6.

5.4 Tsargiya

Tsargiya tana nuna ɗaya fuskar al'amarin, wato yadda sauyin saitokin ke sauya makari. Tsutsar da ke haddasa ta tana fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fatar mai wanka ko mai su. Bayan ta girma sai ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta su maƙale a fatar yauƙin mafitsarar, abin da ke jawo fitsarin jini. An san cutar a yankunan koguna da madatsun ruwa da gonakin rani na Jihar Kano. Ƙwayayen tsutsar suna karkatar da ƙwayoyin T zuwa sakin IL-4 da IL-5 da IL-13. IL-4 yana juya ƙwayoyin B zuwa IgE, idan kuma IL-10 ya shigo sai IgG4 ya yawaita. Binciken Paul Hagan da abokan aikinsa a Gambiya a 1991 ya nuna cewa masu yawan IgE sun fi tsira daga sake kamuwa bayan magani, masu yawan IgG4 kuma sun fi sake kamuwa, kuma IgE ɗin a hankali yake ƙaruwa da shekaru. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa cutar ta fi tsanani ga yara 'yan makaranta, kuma su aka fi nufa da rabon maganin firazikwantel. IL-13 kuwa yana da hannu a tabon da ke taurara gaɓoɓin da ƙwayayen suka daɗe a ciki. Saboda haka fitsarin jini ga yaro ciwo ne da ke neman magani, ko da wasu suna ɗaukar sa alamar balaga.

6.0 Ƙalubale ga Masu Nazarin Hausa

Kusan duk bayanin lafiya da ake yi da Hausa a rediyo da allunan asibiti a kan kalma ɗaya ya dogara, wato garkuwar jiki. Kalmar ta karɓu, amma hoton da take bayarwa na abu ɗaya ne ƙwaƙƙwara, wanda ko dai mutum yana da shi ko ba shi da shi. Wanda ya riƙe wannan hoto yana da hujja idan ya ce yaronsa ya riga ya karɓi garkuwa, bai ga dalilin a sake ɗiga masa ba. Bayanin da ya gabata ya nuna cewa kariyar jini dabam, ta hanji dabam, kuma kowace sai an horar da ita, horon ma yana iya kamawa ko ya ƙi. Ana buƙatar maganganun da za su fito da wannan bambanci, kamar garkuwar hanji da garkuwar jini, da kuma amfani da kalmar kamawa, wadda manoma suka sani daga dashe, mata kuma daga lalle.

Harshen yana da jari. Makari da kaluluwa da dakashi da tsargiya da yauƙi duk tsofaffin kalmomi ne da tsohuwa a ƙauye ta sani. Inda babu kalma, kamar saitokin, ana iya aro a daidaita furuci, a biyo da bayanin cewa ɗan aike ne tsakanin ƙwayoyin jiki. Matsala ɗaya da ke neman hukunci ita ce nauyin da aka ɗora wa kalmar ƙwaya, wadda ke nufin ƙwayar halitta da ƙwayar cuta da ƙwayar magani da ƙwayar gado a lokaci guda. Jimla ɗaya a wannan fanni tana iya ɗauke da uku daga cikinsu, mai sauraro ya ruɗe. Warware wannan aiki ne na haɗin gwiwa tsakanin sassan Hausa da na kimiyyar rayuwa, kuma kusancin jami'ar Wudil da Jami'ar Bayero ta Kano ya sauƙaƙa irin wannan haɗuwa.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun ƙwayar B daga tsibiran Peyer zuwa bangon hanji, ta nuna saitokin ɗin da ke kula da kowane mataki: TGF-β da IL-21 da BAFF da APRIL wajen sauya rukuni, retinoyik da CCL25 da CCL28 wajen komawa gida, IL-6 da APRIL wajen balaga da tsawon rai, IL-17 da 'yan uwansa wajen fitar da makari. Daga nan aka ga cewa ana ɗiga rigakafin shan inna a baki ne domin a hanji ake buga hatimin hanji, ana maimaita shi domin hanjin da cututtuka suka mamaye ba ya karɓar horo a karo ɗaya, dakashi kuma makarin uwa ne da aka ƙera daidai da cututtukan muhallin jariri. Abin da ya rage shi ne a daidaita kalmomin da za su kai wannan bayani ga ungozoma da mai unguwa da iyayen yara a Wudil da sauran garuruwan bakin kogi, domin su ne ke yanke shawarar ko za a buɗe wa mai ɗigo ƙofa, ko za a sa jariri a nono a sa'arsa ta farko.